Ku Tambayi Anti: Bizar bin miji ko mata, ta ina ake farawa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙonni da yawa a kan magana ɗaya suka zo, wato bizar bin miji ko bin mata zuwa ƙasar waje, musamman Ingila, kuma yawancinsu daga nan cikin Zariya ne, Samaru da Sabon Gari da cikin birni. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani sauran, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Alƙaluman kuɗin da zan kawo su ne ake aiki da su a lokacin da nake wannan rubutu, Turawan nan kuma suna yawan taɓa su, don haka ranar da za ku biya ku sake dubawa a shafin gov.uk da idonku.

TAMBAYA: Slm Anti ya aiki ya iyali. Dan Allah ki taimaka min da shawara, mijina yana Ingila ya daɗe yana aikin jinya a can har ya samu takardar zama ta dindindin, an ɗaura mana aure bara ya zo ya yi wata ɗaya ya koma, yanzu ya ce in fara haɗa takardu zai nema min biza to wlh Anti ban san ta inda zan fara ba kowa da abin da yake faɗa min, wata ta ce in fara zuwa Abuja gwajin tari, wani a kafe ya ce in kawo kuɗi kawai ya gama min komai, shi kuma maigidan aikin dare yake yi ba ya samun sukunin yi min bayani. Na yi digiri a ABU. Ƙanwarki daga Tudun Jukun.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka a auren ya haɗa ku da alheri. Kar ki je Abuja yanzu, kuma kar ki ba kowa ko sisi tukuna.

Abin da nake so ki fara sa wa a ranki shi ne wanda zai buɗe fayil ɗinki bai taɓa ganinki ba, bai san gidanku ba, bai san cewa rabin Tudun Jukun sun ci shinkafar bikinki ba, takarda kawai ke gabansa kuma da ita zai yanke hukunci. To dole duk takardunki su faɗi magana ɗaya, in wannan ta ce gabas waccan ta ce yamma shi ba zai kira ki ya tambaya ba, yawanci ƙin bayarwa kawai zai yi. Don haka aikinki na farko ba ya buƙatar kuɗin mota. Ki shimfiɗa tabarma ki fito da fasfo in kina da shi, da takardar NIN, da takardar haihuwa, da sakamakon WAEC ko NECO, da satifiket ɗin digiri, da takardar aure, ki jera su ki ɗauki biro ki bi sunanki harafi bayan harafi. Nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa wallahi. Za ki ga a firamare an rubuta Hauwa'u, a fasfo Hauwa, a takardar aure liman ya sa Hauwa Kulu don haka ya ji ana kira, sunan mahaifi kuwa wani wuri Muhammad wani wuri Mohammed wani wurin ma Moh'd, wasu an liƙa musu Zaria a ƙarshe ya zama kamar sunan dangi. Ranar haihuwa ma haka, NIN ta ce 1 ga Janairu don ranar rajistar ba a tuna ba aka sa hakan, takardar asibiti kuma ta ce watan Yuni. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, kowa ya sani, amma a wurinsu sai an nuna. Inda bambancin ƙarami ne ana yin takardar rantsuwa a babbar kotu a buga a jarida, inda kuma ranar haihuwa ce ta saɓa to sai an koma NIMC, hukumar da ke ba da NIN, an gyara, domin fasfo daga NIN yake ɗaukar bayani, kuma wannan gyaran shi ya fi komai cin lokaci shi ya sa na ce da shi za ki fara. Shi ma maigidan ya yi irin wannan duban a nasa takardun, sunan da ke takardar aurenku ya zama shi ne a fasfonsa.

Tsarin aikin kamar girkin biki ne, wake ake fara ɗorawa, salak sai an ji baƙi sun iso don kar ya yi yaushi. Akwai takardun da ba sa lalacewa, akwai masu wa'adi, kuma in kika fara da masu wa'adi za su mutu a hannunki kafin sauran su haɗu.

Bayan suna sai Turanci. Ingila ba ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ake yafe wa gwajin Turanci ba, kuma kiredit ɗin Ingilishi na WAEC ba ya aiki a nan ko da A1 kika ci. Hanya biyu ce. Ko dai ki zauna jarrabawar da suka amince da ita a matakin A1, wato matakin farko na jin Turanci (ba A1 na WAEC ba), irin su IELTS Life Skills, wadda magana ce da sauraro kawai babu rubutun insha'i, ba ta kai minti ashirin ba, za a tambaye ki sunanki da iyalinki da abin da kike yi da safe da irin waɗannan, sakamakon kuma yana aiki shekara 2. Ko kuma tunda kina da digirin ABU ki tura shi wa Ecctis, masu tantance wa Ingila takardun karatun ƙasashen waje, su tabbatar cewa ya kai digirin Ingila kuma da Turanci aka koyar da ke. Ki kwatanta kuɗin da lokacin ki zaɓa. Masu NCE ko difloma su jarrabawar za su yi. Kuma in wurin yin rajista ne a kula, ba kowace IELTS ake karɓa ba, sai wadda aka ware don biza a cibiyar da suka amince da ita.

Sai maganar kuɗi, wadda nauyinta yana kan mijinki ne amma ki san ta don ki riƙa tuna masa. Daga 11 ga Afrilu 2024 dole mai ɗauko mata ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, da can fam 18,600 ne. In ya yi wata shida ko fiye a wurin aiki ɗaya zai kawo takardun albashi na wata shida, da sitetimen ɗin banki na waɗannan watannin da ke nuna albashin yana shiga, da wasiƙa daga wurin aikin mai faɗin matsayinsa da albashinsa da tun yaushe yake aiki. Adadin da ke takardar albashi ya zama shi ne ya faɗa banki, kobo da kobo. Albashinki na nan Najeriya ba a lissafa shi. In albashin bai kai ba ana iya cikewa da ajiya amma sai abin da ya haura fam 16,000 ake fara ƙirgawa, in kuma ajiyar ce kaɗai to fam 88,500 ne, kuma kuɗin ya zauna wata shida a asusunku. Rance ba ya aiki. Fili a Dogarawa ko gona a hanyar Giwa, matuƙar suna nan a matsayin ƙasa, ba sa cikin lissafi. In ajiyar da naira take, da canjin ranar da aka tura fom za a auna ta, kin kuma san halin naira, don haka a bar rara mai kauri.

Ga inda ake yawan tuntuɓe: takardar albashi ta ƙarshe da sitetimen na ƙarshe kada su wuce kwana 28 kafin ranar da aka tura fom ta intanet aka biya. Ranar biyan ce ake kallo, ba ranar da kika je dangwala yatsa a ofishin biza ba. Kenan waɗannan su ne kusan na ƙarshe da zai tattaro. Zai kuma haɗa da shaidar wurin zama, takardar haya da wasiƙar mai gidan cewa ya yarda ki zauna, kuma ɗakin ya ishe ku bisa ƙa'idarsu ta cunkoso. In har yanzu ɗaki ɗaya yake rabawa da abokai to ya fara neman wuri tun yanzu.

Gwajin tarin tibi da aka ce ki fara da shi, takardarsa wata shida take yi ta mutu, kuma ba a kowane asibiti ake yi ba. Ko na Shika ko na Saye da duk ƙasar nan aka san su da wannan aiki, sakamakonsu ba ya shiga wannan fayil, sai asibitin da ke cikin jerin da Ingila ta fitar, irin na IOM, hukumar ƙaura ta duniya, a Abuja da Legas. Ki bari sai komai ya kusa haɗuwa, ki kama rana, in ya yiwu ki kwana a Abuja don a fara da ke da safe, ko motar Kwangila ko ki gangara Rigasa ki hau jirgin ƙasa.

Yanzu shaidar cewa auren na gaske ne, nan nake so in ɗan tsaya domin kunyarmu tana cutar da mu a wurin nan. Ana so a ga kun taɓa haɗuwa ido da ido, kuna magana, kuna da niyyar zama tare. Hotunan kamu da walima inda ku biyu kuke tare da dangi, tikitin jirginsa da tambarin shigowa a fasfonsa na zuwan da ya yi, rasit ɗin kuɗin cefane da yake turo miki, jerin kiran WhatsApp. Kada ki zuba musu hira shafi ɗari uku, ki ɗauko kaɗan kaɗan daga kowane wata tun farkon haɗuwarku har yau yadda za a ga abin bai yanke ba, a ga kwanan wata da lambarsa a jiki, don yawancinmu ba ma ajiye sunan miji a waya, Abban wane ne ko Nurul ƙalbi, su kuwa ba su san waye wannan ba. In hirar da Hausa ce wadda kika zaɓa sai an fassara, saƙon murya kuma ba ya fita a takarda don haka daga yau ku riƙa haɗawa da rubutu. Sirrin aurenku naku ne, ba a ce ki saka abin da zai sa ki jin nauyi ba, maganar cefane da gaisuwar Hajiya da shirin tafiya sun isa. Kuma ki zauna da mijinki a waya ki tambaye shi abin da ba mu saba tambaya ba: cikakkiyar ranar haihuwarsa, sunan wurin aikinsa, adireshinsa, nawa yake ɗauka, ranar da kuka fara haɗuwa da inda kuka haɗu. Ba rashin kunya ba ne, fom ɗin zai tambaya, kuma in an kira ɗayanku a waya amsarku ta zo ɗaya. In auren haɗin iyaye ne ku faɗi hakan kai tsaye, dokarsu ta san auren haɗi, auren dole ne ba ta yarda da shi ba.

Kuɗin bizar kansa ya haura fam 1,900 tun Afrilun 2025, ga kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara wanda ake biya dunƙule, ya kama fam 3,105 domin bizar ta wata 33 ce. In aka ƙi, na lafiyar ne kawai ke dawowa. Bayan biya sai ki kama rana a VFS Global, kamfanin da ke karɓar masu neman bizar Ingila, a Abuja ko Legas don hoto da yatsu, amsa kuma ana sa ran ta cikin mako 12. Shi mai kafe, in sikanin zai yi miki ki biya shi kuɗin sikanin, amma imel da kalmar sirri naki ne, ki buɗe da kanki a wayarki, kuma kada a danna turawa sai ke da mijinki kun karanta kowane layi. Kowace takarda a ba ta suna a fili, ta aure daban, ta kuɗi daban, ta gida daban, ki ajiye kwafi a wayarki da imel ɗinki da kuma jaka guda a ƙarƙashin akwati.

TAMBAYA: Anti barka da war haka. Ni ina Kanada ina aiki, an ɗaura min aure a Babban Dodo ban samu zuwa ba yayana ne ya karɓa min, har yau ban zo ba amma mun san juna tun muna Kongo ta nan Zariya. Takardar da muke da ita ta masallaci ce rabi Larabci rabi Hausa. Za ta yi ko sai mun je rajista? Ɗanki daga Kwarbai.

AMSA: Ɗana, ka nemi hutu ka zo gida kafin ka cika kowane fom. A addini aurenka ya ɗauru babu ko tantama, waliyyi ya bayar wakili ya karɓa an yi sadaki ga shaidu. Amma Kanada tun 2015 ta daina karɓar auren da aka ɗaura ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin, ko ta wakili ko ta waya, don ɗauko mata. Amurka tana karɓa ne in an nuna ma'auratan sun tare bayan ɗaurin. Ingila kuwa tana duba ko auren ya halatta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, da sharaɗin kun taɓa haɗuwa. Ka ga ƙasa uku hukunci uku, shi ya sa shawarar abokinka na Landan ba za ta yi maka aiki a Toronto ba.

Abin da ya fi maka sauƙi in ka zo shi ne ku je rajistar aure ku biyu da shaidunku, ana ba da sanarwar kwana 21 kafin a yi, don haka hutun mako biyu ba zai isa ba sai dai in an fara shigar da sanarwar tun kafin ka sauka. Amma ka shiga da saninka, auren rajista a dokar Najeriya na mace ɗaya ne, wanda ya yi shi sannan ya ƙara aure ya yi laifi a doka, haka ma wanda yake da wata matar ya je ya yi rajista da wata daban. Ka zauna da iyayenka da lauya da malaminka a kan wannan, ba abin da za a yi a tsaye ba ne. Kuma in kun yi, kwanan wata zai zama biyu, na masallaci da na rajista, kada ku ɓoye na farkon, ku rubuta gajeren bayani cewa an ɗaura na addini rana kaza ba ka nan, aka yi na rajista rana kaza kuna tare, ku sa hotunan duka biyun.

Ita takardar masallacin a kai ta wurin mai fassara na gaske wanda zai sa sunansa da sa hannunsa da kwanan wata da inda za a same shi, ya rubuta cewa fassarar daidai take da asali. Ƙaninka da ya yi Islamiyya ya iya Larabci na sani, amma ba shi ake so ba. Abu ɗaya da zai ɗan sanyaya maka rai, Kanada ba ta sa wa mai ɗauko matarsa wani adadin albashi irin na Ingila a mafi yawan lokuta, sai dai za ka sa hannu cewa nauyinta yana kanka shekara 3.

TAMBAYA: Anti na samu gurbin mastas na shekara ɗaya a Ingila da kuɗina zan je, ina so in tafi da madam da yaronmu. Malami daga Samaru.

AMSA: Malam ina taya ka murna, amma wannan ƙofar an rufe ta. Daga 1 ga Janairu 2024 ɗalibin mastas na aji ba ya tafiya da iyali, sai mai digiri na uku ko mastas na bincike, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa a karatun da ya wuce wata shida. Ka duba takardar gurbin naka da kyau ka ga wane iri ne. In na bincike ne to kowane mutum ɗaya da zai bi ka za ka nuna masa fam 680 a wata har wata tara in a wajen Landan ne, wato fam 6,120, a Landan kuwa fam 845 a wata, kuɗin kuma ya kwana 28 a asusu bai ragu ba. Masu tafiya aikin kula da tsofaffi ma an hana su ɗaukar iyali tun 11 ga Maris 2024, na faɗa ne don na san akwai masu sayar da fili a kan wannan hanyar da tunanin iyali za su biyo baya.

TAMBAYA: Anti ni bazawara ce ina da ɗiya 'yar shekara shida da mijina na farko, yanzu na auri wani ɗan uwanmu da ke Manchesta yana da fasfon can. Ejan ɗin da ke mana aiki ya ce kar in ambaci auren farko ko yarinyar wai zai jawo tambayoyi, in na je na zauna sai a san yadda za a yi. Kuma an taɓa hana ni bizar ziyara ya ce ita ma a bar ta. Hankalina bai kwanta ba. Baiwar Allah daga Sabon Gari.

AMSA: 'Yar'uwa, hankalinki ya fi na ejan ɗin nan gaskiya, ki karɓe takardunki daga hannunsa yau. Raina ya ɓaci da na karanta wannan saƙo, domin shi in ya karɓi kuɗinsa ya gama, ke ce za ki rayu da abin da aka rubuta. Yatsunki suna cikin kwamfutarsu tun ranar da kika nemi ta ziyara, suna buɗe fayil za su ga an taɓa hana ki, kuma hanin da aka yi miki a baya ba ya hana a ba ki ta aure, ɓoyewar ce ke hanawa, kuma tambarin yaudara yana iya bin mutum har shekara 10 a wasu bizojin. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sannan ki yi tunanin yarinyar, in kika rubuta da hannunki cewa ba ki da ɗa, da wane baki za ki dawo bayan shekara biyu ki ce ga 'yata ina so ta zo?

Abin da za ki yi shi ne ki tabbatar da mutuwar auren farko a takarda. Na san yadda sakinmu yake, wani a fallen littafi ya rubuta layi biyu ya ba yaro ya kawo, wani ma da baki ya furta. Ki ɗauki abin da kike da shi da shaidu ki je kotun shari'a a ba ki takardar tabbatar da saki mai hatimi da kwanan wata, kuma kwanan watan ya nuna sakin ya riga sabon auren, da idda a tsakani. Wadda mijinta rasuwa ya yi takardar mutuwa za ta nema daga hukumar ƙidaya.

Maganar tafiya da yarinyar kuwa sai kin shirya mata sosai, domin Ingila tana so uwa ta nuna ita kaɗai ke ɗauke da ragamar rayuwar ɗiyar, ita ke yanke shawarar makaranta da asibiti da komai. Wasiƙar uban cewa ya yarda tana taimakawa amma ita kaɗai ba ta isa ba. Ki tara rasit ɗin kuɗin makaranta da sunanki, wasiƙar makarantar cewa ke suka sani, katin asibiti, da hukuncin kotu na riƙo in akwai. In kuma gaskiyar ita ce uban yana cikin rayuwarta yana biya yana zuwa, to kada a rubuta akasin haka, ku nemi lauyan shige da fice mai rajista a can Ingila ya duba muku, mijinki zai iya bincika sunansa a jerin hukumar da ke kula da su kafin ya biya. Ko da ba yanzu za ta bi ki ba, sunanta ya fito a fom.

Ki kuma riƙe wannan don kanki, ba fata nake miki ba Allah ya kiyaye: in kin isa kina da izinin yin aiki, fasfonki a hannunki zai zauna ba a hannun kowa ba, kuma dokarsu ta tanadi hanyar zama ga matar ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin da aurenta ya mutu saboda duka ko cin zarafi, don haka kada wani ya taɓa tsorata ki da cewa zai sa a koro ki.

TAMBAYA: Hajiya ina da mata biyu, uwargida tana tare da ni a Ingila, ina so in kawo amarya da ke Gyallesu. Wani ya ce in rubuta wa uwargidan saki na takarda kawai don a nuna, aure yana nan. Mene ne shawararki?

AMSA: Alhaji, dokar Ingila ba ta ba mace ta biyu bizar aure matuƙar ta farkon tana raye da aurenta kuma ta riga ta shiga ƙasar a matsayin matarka, wannan babu lauyan da zai kauce masa. Sakin takarda kuwa ka kai wa malamai kafin ka ɗauki biro, domin hadisi ya zo a Abu Dawud da Tirmizi cewa abu uku gaskensu gaske ne wasansu ma gaske ne, aure da saki da kome. Kana iya rubutawa don Bature ka wayi gari ka saki uwar 'ya'yanka da gaske, sannan in zamanta a can a kan aurenka ya dogara ka jefa takardunta cikin haɗari, ga kuma ƙarya a fom. Ka zauna da amarya da iyayenta ka faɗa musu yadda dokar take, ka tsara zuwanka gida da adalcin kwana da na aljihu gwargwadon iko, kar a bar yarinya tana ɗinkin kayan sanyi tana jiran abin da ba zai zo ba.

TAMBAYA: Anti ina da ciki wata biyu kuma an ce sai an ɗauki hoton ƙirji a gwajin tibi, ina tsoro. Daga Hanwa.

AMSA: Allah ya raba lafiya ƙanwata. Ki faɗa musu kina da ciki tun wurin kama rana. Ba a tilasta wa mai ciki hoton, zaɓi uku ake ba ta: a yi gwajin kaki a madadinsa, wanda sakamakonsa kan kai mako takwas, ko ta jira cikin ya wuce wata uku a ɗauka da rigar kariya, ko ta bari sai ta haihu. Ki yi shawara da likitar da kike awo a wurinta, sannan ku lissafa da maigidan, domin in za ki haihu a nan to jaririn ma sai an yi masa takardar haihuwa da fasfo. In uban ya riga ya zama ɗan ƙasar Birtaniya ta hanyar zama a can kafin haihuwar, yawanci fasfon Birtaniya za a nema wa jaririn kai tsaye, in kuwa takardar zaman dindindin kawai yake da ita to jaririn da aka haifa a nan zai buƙaci tasa bizar da nasa kuɗin, sai ku sa shi cikin kasafi tun yanzu.